Motar Abba Mai Lita Biyu

Da sunan Allah nake buɗe shafin yau. Ina gaida masu bibiyata, har da masu shigowa su karanta su fice ba ko sannu, ina ganinku. Baiwar Allahn da ta turo saƙo tana tambaya wai da gaske mota ce ta hana ni aure, e, da gaske ne. Gyara zama ki ji.

Saboda sababbin zuwa, sunana Surayya, ni ce auta a gidan Alhaji Sammani mai hatsi a nan Batsari. Wanda nake so sunansa Tayyib, ɗan Safana ne, yana da shagon maganin dabbobi da na feshi. An yi tambaya, an yi bincike, an kawo gaisuwar iyaye, kowa ya gamsu da kowa. Sa rana kawai ya rage. Abbana kuwa ya ce ba zai sa ranar aurena ba sai motarsa ta tashi.

Fijo 406 ce, ruwan toka, 'yar Kwatano, tun ina firamare ya saye ta. A cikinta aka kai yayyena mata uku ɗakunan mazajensu, shi ya sa ya ɗaukar wa kansa alkawarin ni ma a cikinta zan tafi. Sai ga shi daminar bara injin ya buga a hanyar Yasore, aka jawo ta da igiya har gida. Tun daga ranar tana kusurwar tsakar gidanmu lulluɓe da tampol. Kullum da safe sai ya yaye ya goge ta, har da lallatsa tayoyi. Yana fita Umma za ta shanya kuɓewarta a kai, ta ce duk gidan babu inda awaki ke jin tsoro sai nan.

Ba wai ba a kawo masa injuna ya gani ba. An kawo. Wani ya ce fentinsa bai yi masa ba, wani kuma ya ce ba ya son ƙararsa, alhali ko tayar da shi ba a yi ba. Umma dai ta ce ba inji yake nema ba, rabuwa da auta ce ba ya so.

Sai kuma maganar lita biyu. A bayan motar akwai ɗan rubutun ƙarfe mai sheƙi, 2.0, wato babban inji. Abba ba ya ce mata mota, sai dai “mai lita biyu”. Duk Batsari haka aka san ta, in ban da mutum ɗaya: Baba Ɗanjuma mai nama, amininsa tun suna yara, mahaifin ƙawata Hadiyya wadda ke aure a Safana. Shi ya dage ƙaramin inji ne a ciki, wai ya taɓa wuce ta da a-kori-kurarsa ɗauke da shanu biyu. Wannan musu ya girmi wasu 'yan matan unguwarmu. Kullum in suka zauna majalisa ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gida, sai an taɓa shi kafin a sha fura.

To, yanzu ku zo mu je ranar da nake son ba ku labari.

Ina cikin wanke-wanke da hantsi wayata ta yi ƙara. Tayyib ne.

“Auta, ki yi kwalliya. Yau muna tafe, ni da Kawu Sada da injin Abba.”

Na goge hannu a zani na rubuta, “Wane inji kuma?”

Sai ga hoto. Shi ne tsugune a bayan a-kori-kura, ya dafa wani baƙin inji da aka ɗora kan tsohuwar taya, yana murmushi kamar wanda ya sayo ragon Layya. Ashe Katsina ya je a ɓoye ya sayo. Dabarar kuwa ta Kawu Sada ce, ƙanin mahaifinsa, wanda shi ke shige masa gaba a neman aurena. Wai a sauke injin a gaban majalisa, inda Abba ba zai iya cewa fenti bai yi ba. Ya ƙara da cewa Kawu ya ce wannan ce tafiyarsa ta ƙarshe. Ƙafarsa ta gaji da hanyar Runka, da jiran a taru a tafi tare da rana tsaka don tsoron 'yan fashi, da addu'ar da ake yi tun daga tasha har a sauka. In yau aka dawo ba a sa rana ba, Tayyib ya nemi wani kawun, ko ya nemi wata yarinyar.

Kun dai ji. Na karanta wannan layin na ƙarshe har sai da kumfa ta bushe a hannuna.

Can sai ya turo min wani saƙon murya da fuskokin dariya a ƙasa. Ya ce in ji yadda mai sayar da injin ya ishe shi da wa'azi. Na kunna. Muryar wani dattijo ce, ga ƙarar guduma a bayansa. Yana cewa irin wannan Fijo kamanninsu ɗaya a waje, amma cikinsu daban-daban, don haka a duba lambar shasi, wato doguwar lambar da aka buga a jikin ƙarfen motar tun daga kamfani. A ƙirga haruffa biyar na farko a bar su, ukun da ke biye su ne sunan injin. In aka ga RFN, wannan da aka saya ne, lita biyu. In aka ga 6FZ, ƙaramin ne, ɗaya da ɗigo takwas, kuma ƙwaƙwalwar motar ba za ta yarda da babban haka kawai ba. Muddin ba a kwance ko noti ɗaya ba, zai karɓa ya canza, amma in makanike ya taɓa, shi ke nan, an gama ciniki.

A ƙarshe ya ce, “Rubutun bayan mota kuwa, ɗana, kar ka biye masa. Ga su nan cikin gwangwani a shagona, da gam ake liƙawa.”

Tayyib ya rubuto, “Na ce masa ba sai an duba ba. Wa bai san motar Abba lita biyu ba ce?”

Ni ma na tura dariya. Wallahi na tura.

Kada ku ga laifinsa. Ko ya so dubawa, ta ina? Motar tana cikin gida, shi kuma iyakarsa zaure. Mutumin da in ya hango Abba daga nesa yake cire takalmi ya durƙusa tun kafin a san gaisuwa ce, shi ne zai ce a buɗe masa bonet ya binciki motar suruki? Ai ko a mafarki.

Na yi wanka na shiga kwalliya. Sabuwar atamfata na ɗauko, mai ruwan zuma da ganye-ganye kore, ɗinkin doguwar riga mai faɗin hannu. Na kafa ɗauri ya ƙi zama, na kwance na sake. Na shafa hoda, na ja kwalli, na ɗiga humra a wuya da bayan kunne. Amma duk abin nan da nake yi, muryar dattijon nan ce a kaina. Da gam ake liƙawa. Ina sa ɗan kunne, da gam ake liƙawa. Na tuna Baba Ɗanjuma da shanunsa biyu. Mutumin nan yana da surutu, amma ban taɓa jin an kama shi da ƙarya ba.

Na leƙa madafa na samu Umma tana tsince shinkafa. Na kunna mata saƙon. Ta saurara har ƙarshe, ta ce in sake. Da ya ƙare ta dube ni, ta dubi tampol, ta dubi ƙofar zaure. An idar da Azahar, Abba yana waje a majalisa, muna jiyo muryarsa. Takardun motar suna cikin akwatinsa, makullin akwatin da na motar duk suna aljihunsa.

“Ƙofar baya ta hagu ba ta kulluwa,” in ji ta a hankali. “Tun bikin yayarki ta biyu da ƙawayen amarya suka shiga su tara.”

“Umma, in na ja abin buɗe bonet ƙara zai yi.”

Ta miƙe ta jawo turmi tsakiyar gida, ta ɗauki taɓarya. Babu ko ƙwayar gero a ciki. Ta fara daka.

Jama'a, haka na tattare sabuwar atamfa na kutsa ta ƙofar baya, na haye kan kujera da ciki, na zura hannu can ƙasan sitiyari ina lalube. Cikin motar ƙamshin turaren Abba ne da na tsohuwar fata. Ga carbinsa rataye a madubi. Na ji wani ɗan ƙarfe na ja. Bonet ya ce ƙwas, Umma ta ce dum, a tare kamar mun yi gwaji.

Na zagayo na kwashe kuɓewa, na naɗe tampol, na ɗaga marfin. Wani jan gwada ya fito a guje ta kan hannuna. Allah ne kaɗai ya riƙe bakina. Na kunna fitilar waya na shiga nema. Ni da ban san komai a inji ba sai cewa yana da zafi. Ƙura, yanar gizo, baƙin mai, wayoyi kamar taliyar da ta kwana. Na goge nan, na goge can da gefen tsumma, har na kai wani wuri a jikin ƙarfen daga dama inda yatsana ya ji tsage-tsage. Na tofa yawu na murza. Ga su sun fito a jere.

V. F. 3. 8. B. Biyar ke nan, na bar su.

6. F. Z.

Na ce a'a, idona ne. Na sake ƙirgawa daga farko da farce. Na ɗauki hoto na buɗe shi ya cika fuskar waya, ko shidan zai rikiɗa ya zama R. Yana nan a shidansa, da ƙaton cikinsa.

Sai wata dabara ta zo min. Wannan lambar ai abin da motar ta fito da shi daga kamfani take faɗa. In an taɓa canza mata inji a can kafin ta iso Kwatano fa? Abba yana cewa injinta na haihuwa ne, amma Abba yana cewa abubuwa da yawa. Na sake kunna saƙon dattijon a kunne, na ji inda ya ce shi ma injin yana da sunansa a jikinsa. Na kwanta da ƙirji a kan motar na cusa hannu har kafaɗa, na yi ta goga. Da ƙyar na samu. Haruffan nan uku ne suka sake gaishe ni.

Na ɗago na yafito Umma. Ta zo da taɓarya a hannu. Na nuna mata, ta ce ita ba ta san bokon mota ba, in faɗa mata da Hausa. Na ce Baba Ɗanjuma ne ke da gaskiya.

Ta koma ta zauna a bakin turmi, ta cusa gefen mayafi a baki, kafaɗunta suna rawa har hawaye ya zubo. Sai kuma dariyar ta ɗauke lokaci ɗaya. Ta ce in aka kira makanike ya kwance injin can, ya ƙi shiga, kafin Magariba duk gari ya ji dalili. Abbana ba zai ga laifin wanda ya sayar masa da mota ba, yaron da ya jawo masa taro a ƙofar gida zai gani. Ta dubi hannun rigata ta ce, “Kin kuma gama da atamfar.”

Daga gwiwar hannu zuwa kafaɗa baƙi ƙirin. Ban ko tsaya takaici ba, na rufe bonet a hankali, Umma ta rufa min da dum biyu, na faɗa ɗaki.

“Kar ku zo da shi.” Tik ɗaya.

Na tura hoton. Tik ɗaya.

“Tayyib don Allah ka juya. Ƙaramin ne. 6FZ ne. Kar a kwance komai.” Tik ɗaya.

Na kira, matar nan ta ce ba a samun lambar. Na san inda suke, tsakanin Safana da Runka, inda sabis ke sallama da mutum. Amma zuciya ba ta yarda da abin da ta sani. Na ce ƙila ba su taso ba, ƙila wayarsa ce ta mutu. Na tura wa Hadiyya hoton da saƙon murya ina haki, na ce ta aika a duba shagonsa, in yana nan a ce masa kar ya taso, motar Abba ƙaramin inji gare ta. Ita ma tik ɗaya. Ta kashe data, kamar kullum in tana barcin rana. Na jefar da wayar kan katifa, na ɗauko, na sake jefarwa.

Ana idar da La'asar muka ji hon.

Na ɗauki mayafi na rufe hannun rigar, na lallaɓa zaure. Ƙofarmu tana da wata tsaga kusa da sakata, duk ɗiyan gidan nan ta ita muka fara ganin mazajenmu da kyau. Na kafa ido.

Ga a-kori-kura ta yi fari da ƙurar hanya. Kawu Sada ya sauko da babbar riga ruwan ƙasa yana kaɗe hula. Tayyib kuwa shadda fara ƙal ya sa, ban san yadda aka yi ta iso da haskenta ba, tuni ya cire takalmi ya durƙusa tun daga bakin kwata. Aka shiga gaisuwa. Gajiya, hanya, iyali, damina, mutanen Safana, mutanen Runka, aka koma kan gajiya. Sannan Kawu Sada ya gyara murya ya ce yaro ne ya ga abin da ya dace da uba, ya ce ba zai iya wucewa ya bar shi ba. Aka yaye buhun da ke kan injin.

Na zaci Abba zai ɓata rai. Ina. Ya tashi ya zagaya motar, ya leƙa, ya shafa kan injin da tafin hannu. Ya tambaya ko lita biyu ne, aka ce masa lita biyu ne. Fuskar nan ta washe. Ya waiwaya.

“Ɗanjuma, taso ka ga irin abin da ke cikin motata.”

Baba Ɗanjuma ya ce daga nan ma yana gani, inji dai babba ne, saura a ga ko ramin zai ɗauke shi. Aka kwashe da dariya. Abba ya ce to yau za a raba gardama, a je a kira makanike yanzu ya zo da kayan aikinsa.

Daidai nan aljihun Tayyib ya fara zir, zir, zir. Sabis ɗin gari ya kama shi. Ya dafe aljihun da hannu kamar zai shaƙe wayar, ta ƙi yin shiru. Na dubi tawa: tik biyu, biyu, biyu. Na ce a raina, buɗe mana, bawan Allah, yau ba ranar ladabi ba ce. Ya sunkuyar da kai ya zaro ta a gefen cinya. Tik ɗin suka koma shuɗi.

Ban taɓa ganin mutum ya yi zufa da sauri haka ba. Ya dubi waya, ya dubi inji, ya dubi ƙofarmu daidai tsagar nan kamar ya san ina ciki. Hanyoyi biyu na hango masa, kowacce ta fi 'yar uwarta muni. Ya yi shiru a kwance injin, ko ya buɗe baki a gaban Baba Ɗanjuma.

Sai na ga ya miƙe. Kawu Sada ya kama gefen rigarsa, ya zame. Ya tako har gaban Abba ya sake durƙusawa.

“Baba, a gafarce ni. Kafin a kira makaniken, ina roƙon magana ɗaya a gefe.”

Abba ya dube shi daga sama har ƙasa, sannan ya taka zuwa bayan a-kori-kura. Ba na jin abin da suke cewa. Na dai ga Tayyib ya miƙa waya da hannu biyu, kansa a ƙasa. Abba ya zaro tabarau ya sa. Ya daɗe yana kallo. Ya kara wayar a kunne, na san dattijon Katsina ne yake masa wa'azi. Da ya gama ya mayar wa Tayyib wayarsa, ya ce wa jama'a a dakata da kiran makanike, yana zuwa.

Kafin in juya ya turo ƙofa. Muka yi ido huɗu a zaure. Ya sa yatsa biyu ya ɗaga gefen mayafina, ya ga hannun rigar, ya saki.

“Biyo ni da fitilar.”

Da makullinsa ya buɗe ƙofar direba, ya ja bonet da kansa. Na haska masa wurin. Ya sunkuya, ya ɗora yatsa, leɓensa yana motsi. Biyar, ya tsaya. Uku. Ya sake. Na nuna masa na jikin injin, ya leƙa, bai ce a goge ba.

Ya miƙe ya cire tabarau yana goge shi da bakin riga. Ni kam da na san haka fuskarsa za ta yi, da ban tofa yawun nan ba. Ina tsammanin faɗa. Abin da na gani ya fi faɗa ciwo: Abbana ne tsaye kamar yaron da aka ce masa Sallah ba gobe ba ce.

“Ashe shi ya sa take nishi a hawan Ruma,” ya ce. “Ni kuma ina cewa man zamani ne ba kyau.”

Na ce, “Abba, amare uku ta kai, ba ta taɓa ajiye ko ɗaya a hanya ba.”

Ya ɗan shafa gefenta. Ya ce haka ne, da ƙaramin nata. Sannan ya rage murya.

“Wa da wa ya sani?”

Daga madafa Umma ta ce ita ba ta ji komai ba, daka take tun ɗazu. Abba ya dubi turmin da babu ko dusa a ciki, ya kawar da kai.

Masu karatu, ban san inda na samo bakin ba. Ƙila baƙin man ne ya shiga jinina. Na sunkuyar da kai ina wasa da bakin mayafi, na sa muryar da nake roƙon kuɗin anko da ita.

“Ni ɗiyarka ce, Abba. Umma kuma matarka ce. Maganar gida ba ta fita daga bakinmu.” Na ɗan ɗago ido. “Tayyib ne kaɗai bare.”

Ya juyo gaba ɗaya.

“Bare kuma, Abba, yana iya mantawa ya faɗa a shago. Ba da gangan ba.”

Gefen gemunsa ya fara motsi, ya kama shi da hannu ya riƙe.

“Ke da uwarki, Allah ya shirye ku.” Ya rufe bonet a hankali kamar mai rufa wa jariri zani. Ya ce yaron nan da ya so da ya yi shiru ya bar makanike ya tona, da ya so kuma da ya faɗa a bainar jama'a don a ce ya iya bincike. Sai ya ja shi gefe. Wanda ya san inda ake faɗa wa babba magana mai ɗaci, ai ya san yadda zai riƙe ɗiyar mutane.

Sannan ya zayyana sharuɗɗansa, yana ƙirgawa a kan marfin motar. Za a sauke babban injin a zaure ya kwana biyu, kowa ya shigo ya gani. Daga nan ya bi motar hatsinsa zuwa Katsina a tsakiyar buhunan gero, ƙaramin ya dawo ta wannan hanyar. Makanike kuwa daga Dutsin-Ma za a ɗauko shi, wanda bai san kowa a Batsari ba. Na ce to alkawarin sai ta tashi fa? Ya ce inji ya zo har ƙofar gida, ai ta kama hanyar tashi, kar in koya masa alkawarinsa.

Ya ɗaga murya ya kira Umma, “Indo, a fito da babbar tabarma. Da goron nan na cikin tulu.”

Umma ta toshe bakinta da hannu biyu don kar guɗa ta kuɓuce. Ni kuwa ban san lokacin da na durƙusa na kama hannunsa ba, har na shafa masa baƙin mai a farar riga. Ya ce in sake shi, in je in canza kaya, na yi kama da yaran gareji.

Wa zai canza kaya? Yana fita na koma tsagata. Aka shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin dalbejiya. Kawu Sada ya zauna yana kallon Tayyib, yana kallon Abba, ya kasa gane abin da aka faɗa a bayan mota da ya gagare shi tafiya bayan tafiya. Tayyib ya koma can nesa kusa da taya, kamar yadda ya dace, yana share wuya da hankici. Aka yi addu'a aka shafa. Abba ya ce inji ya yi, ya karɓa, Allah ya yi albarka. Yanzu kuma sai maganar yara.

Na ɗauko waya in tura wa mutumina ko da hoton zuciya ɗaya ne. Sai na ga saƙo a sama, ba nasa ba.

Hadiyya. Tik biyu shuɗaye a kan hoton, biyu a kan muryar. A ƙasa fuskokin dariya sun cika layi uku.

“Ƙawata yanzu na tashi. Ƙaramin ne?? Bari in kira Baba, tun muna firamare yake jiran wannan rana.”

Na danna kira, layinta yana kan wani kiran.

A waje Abba ya gyara zama, ya ce, “To, Malam Sada, in Allah ya kai mu bayan kaka, watan…”

Wata waya ta fashe da ƙara a tsakiyar tabarma. Baba Ɗanjuma ya lalubo ta daga aljihun gaba, ya nesanta ta da ido yana karanta sunan.

“A'a, Hadiyya ce, 'yar albarka. Ta ji ana maganar ƙawarta.” Ya ɗaga babban yatsa. “Kunnen nawa ba ya ji sosai. Bari in sa ta a bayyane, kowa ya ji.”